Sabon bugun faifan garmaho

Sabon bugun faifan garmaho shi ne sake buga tsohon faifan kiɗa ko waƙa a kan roba, bayan bugun farko ya ƙare a kasuwa ko ya yi wuyar samu. A cikin wannan sana'a akwai wani rukuni da ake bugawa musamman domin masu neman tsantsar sauti, wato mutanen da ke son su ji waƙa kamar yadda ta fito daga ɗakin ɗauka, kuma a shirye suke su biya ninkin kuɗin faifan gama-gari. Ingancin irin wannan bugu ya rataya ne a kan abubuwa uku: tushen da aka ɗauko sautin daga gare shi, gwanintar wanda ya yanka shi, da kulawar masana'antar da ta buga. Nauyin faifai da ƙyallin kwalinsa, waɗanda aka fi tallatawa, suna bayan waɗannan ukun. Game da waƙoƙin Hausa kuwa, abu na farko shi ne ya fi wuya, domin sau da yawa tsohon faifan da ya tsira a hannun wani shi ne mafi kyawun tushen da ake iya samu.

Suna da asali

Kalmar faifai ta girmi garmaho. Asalinta faifan kaba ne da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya da sheƙar hatsi, kuma da farantin waƙa ya iso ƙasar Hausa sai aka ba shi wannan suna saboda kamar da suka yi. Har yau ana cewa faifan bidiyo ko faifan murya ko da abin yana cikin waya.

Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, amma tasa a kan gwangwani mai juyawa take rubuta sauti. Emile Berliner ne ya yi rajistar garmaho mai faifai a 1887. Faifan farko da ya yaɗu a duniya yana juyi 78 a minti, an yi shi da wani ƙaro da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da maƙwabtanta, haɗe da garin dutse. Yana da nauyi, yana fashewa idan ya faɗi, kuma fuska ɗaya ta mai inci 10 ba ta wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai da ake kira LP, mai faɗin inci 12 da juyi 33 da sulusi a minti, wanda aka yi da robar PVC, yana ɗaukar sama da minti 20 a kowace fuska. A 1949 RCA Victor ya kawo ƙarami mai inci 7 da juyi 45. Faifan sitiriyo ya shiga kasuwa sosai a 1958.

Faifai a ƙasar Hausa

Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya buga su ya aiko da su kasuwannin yankin. Daga baya HMV da Decca da Philips suka riƙa ɗauka a Najeriya da Gana. A farkon shekarun 1950 wani ɗan kasuwa, Cif G.A.D. Tabansi, ya kafa kamfanin faifai a Kano. A lokacin, ɗauka kawai ake yi a gida, bugu kuwa sai an aika waje. Da kamfanin ya bunƙasa a shekarun 1970 ya kafa sitidiyo da injinan bugu a Onitsha. Haka sauran masana'antun bugu na ƙasar suka taru a kudu, a Legas da Onitsha da Enugu, inda mawaƙi William Onyeabor ya mallaki tasa. Saboda haka faifan mawaƙin Hausa yakan yi doguwar tafiya kafin ya dawo wurin masu jin harshensa.

Manyan mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sun fito a faifan LP, kuma Shata ya yi aiki da EMI da Polygram. Akwai kuma faifan masu bincike. David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964, aka buga shi faifai biyu a Jamus cikin jerin kiɗan Afirka na UNESCO, sannan kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faifan makaɗan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka. Waɗannan an buga su ne don ɗakunan karatu na Turai, kaɗan ne suka zo ƙasar da aka ɗauke su.

Garuruwan kudancin Jigawa, kamar Birnin Kudu da Gwaram, suna cikin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa, kuma Kano ce babbar kasuwar da irin waɗannan kaya ke fitowa daga cikinta. Birnin Kudu tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Sai dai faifan LP yana buƙatar na'ura mai lantarki ko batir da allura mai laushi, ga tsada, ga shi ba ya jure zafi. Da kaset ya yawaita daga ƙarshen shekarun 1970, sai ya kore shi cikin ɗan lokaci: rikoda tana aiki da batir, ana zuwa da ita gona da tasha, kuma ana iya kwafar kaset ɗaya sau ɗari. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008. Mawaƙa irin su Haruna Uji na Haɗejiya, mai gurmi, mafi yawan jama'a ta rediyo da kaset suka san su. Manyan kamfanonin waje kuma suka janye daga harkar, EMI ta Najeriya ta koma Ivory Music, Polygram ta koma Premier.

Yadda ake buga faifai

Aikin yana farawa daga injin yanka. Ana ɗora farantin alminiyam da aka lulluɓe da wani fenti mai laushi, sai allura mai zafi ta tsaga siririyar hanya guda ɗaya wadda ke kewayawa daga baki zuwa tsakiya, tana karkarwa daidai da sautin da ake zuba mata. Injinan da aka fi dogara da su, irin su Neumann VMS 70 da VMS 80 na Jamus, an daina ƙera su tun shekarun 1980, gyara su kawai ake yi. Faranti mai fentin ma ya yi ƙaranci: a watan Fabrairu 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya, aka bar kamfanin MDC na Japan shi kaɗai yana samar da shi ga duniya. Akwai wata hanyar da ake yanka sautin kai tsaye a kan jan ƙarfe, wadda Teldec da Neumann suka fito da ita a farkon shekarun 1980.

Mai yanka ba kwafa kawai yake yi ba, yana yanke hukunci a kan kowace waƙa. Ƙasaitaccen amo irin na ganga da tambari yana buƙatar tsaga mai faɗi, yana cin wuri, kuma idan ya karkata gefe ɗaya a sitiriyo yana iya wurgar da allura, shi ya sa akan tattara shi a tsakiya. Siririn amo mai kaifi, irin na algaita ko harafin s da sh da ts a bakin mawaƙi, yana iya fashewa ya zama tsaki idan an ɗaga shi da yawa. Don rage waɗannan matsaloli ake rage ƙarfin amon ƙasa a ƙara na sama lokacin yanka, na'urar saurare kuma ta juya lissafin, bisa ma'aunin RIAA da aka daidaita a kai a 1954. Tsawon waƙa ma yana da tasiri. Fuskar da ta haura minti 22 sai an matse tsagarta an rage mata ƙara, kuma da an rage ƙara sai ƙarar robar kanta ta fito fili. Wannan ya shafi waƙar Hausa kai tsaye, domin waƙar fada ko ta jama'a ba a gina ta don minti uku ba. Waƙa kamar Bakandamiyar Shata takan miƙe gwargwadon taron da ake yi, saboda haka abin da ke kan faifai sau da yawa taƙaitaccen zubi ne da aka yi don ya shiga fuska.

Bayan yanka ana fesa wa farantin ruwan azurfa, a tsoma shi cikin kwamin lantarki har nikel ya taru a kansa. Abin da aka ɓamɓaro shi ake kira uba, tsagarsa a tsaye take kamar kunya a gona. Daga uba ake samar da uwa, daga uwa kuma ake samar da hatimi, wanda shi ne ake ɗaurawa a injin bugu. Uwa ɗaya tana iya haifar da hatimai da yawa. A injin, ana sa curin roba mai zafi tsakanin takardun tsakiya guda biyu, hatiman fuska biyu su matse shi da nauyin da ya kai tan ɗari, tururi ya narkar da shi, ruwan sanyi ya daskarar da shi, a yanke gefen da ya tumbatsa. Duk wannan bai wuce rabin minti ba. Hatimi yana dakushewa da yawan aiki, shi ya sa masana'antun da ke neman inganci suke sauya shi da wuri, sau da yawa kafin ko da an kai faifai dubu, alhali a bugun gama-gari na da akan ci gaba da shi har sai ya gaza.

Kafin a buga da yawa ana fitar da 'yan faifan gwaji a aika wa mai aikin ya saurara. Kamfanin da ya yi sakaci da wannan mataki shi ne yake gano aibi bayan kaya sun isa shaguna.

Tushen sauti

A sitidiyon da, ana ɗaukar waƙa a kan tef, a haɗa ta a kan wani tef ɗin wanda shi ne na asali. Duk kwafin da aka yi daga gare shi yana ƙara shuu yana rage kaifi. Bugun da ya fi daraja shi ne wanda aka yanka daga tef na asali. Na biye da shi daga kwafin tef ko daga fayil ɗin dijital mai inganci da aka ɗauko daga tef ɗin. Ƙasa da su akwai wanda aka kwafo daga tsohon faifai mai tsabta aka wanke ƙararsa da kwamfuta, sannan wanda aka ɗauko daga kaset ko CD. A can ƙarshe akwai bugun sata, wanda ba a san daga ina ya fito ba, kuma ba a biya kowa ba.

Tef ma yana mutuwa. Wasu nau'o'in da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980 suna shan danshi su yi danƙo, sai an gasa su a hankali a zafin da bai wuce digiri 55 ba kafin a iya juya su, kuma gyaran na ɗan lokaci ne. Gobarar da ta tashi a Universal Studios a Amurka ranar 1 ga Yuni 2008 ta halaka ɗimbin tef na asali, kuma girman asarar bai fito fili ba sai a 2019. Idan haka ta faru a inda ake da kuɗi da ma'ajiya mai sanyi, ba abin mamaki ba ne a rasa tef ɗin kamfanonin da suka rufe ko suka canja hannu a Najeriya.

Batun tushe ya jawo babbar taƙaddama a 2022. Kamfanin Mobile Fidelity Sound Lab, wanda aka kafa a 1977, ya yi suna wajen yanka faifai a rabin gudu da buga shi a kan roba mai tsabta a Japan. A 2016 ya fito da jerin da ya kira One-Step, inda ake samar da hatimi kai tsaye daga farantin yanka ba tare da bi ta uba da uwa ba, ana sayar da ɗaya dala 100 ko fiye. Masu saye sun ɗauka cewa daga tef ake yanka su ba tare da kwamfuta ta shiga tsakani ba. A watan Yuli 2022 wani mai shagon faifai a birnin Phoenix ya yi zargin cewa akwai matakin dijital a ciki, kuma injiniyoyin kamfanin suka tabbatar. An gano cewa tun 2011 ake mayar da tef zuwa fayil ɗin DSD a wasu ayyukan kafin a yanka. Masu saye suka kai ƙara, a 2023 aka yi sulhu da aka ƙiyasta darajarsa da kusan dala miliyan 25. Abin lura shi ne, shekara goma masu sharhi da ke alfahari da kunnensu suna yabon waɗannan faifai a matsayin hujjar fifikon analog, ba wanda ya ji bambancin. Laifin da aka kama kamfanin da shi ɓoye gaskiya ne, ba mugun sauti ba. Tun daga lokacin kamfanoni da yawa suke rubuta tushen sautinsu a jikin kwali.

Nauyi, gudu da aibobin bugu

Faifan LP na gama-gari yana da nauyin giram 120 zuwa 140. A 1969 RCA ta fito da wani siriri da ta kira Dynaflex, mai lanƙwasuwa kamar fata, kuma bayan tashin farashin mai na 1973 masana'antu da yawa suka koma niƙa tsofaffin faifai su cakuɗa da sabuwar roba, wani lokaci har da guntun takardar tsakiya, abin da ke sa ƙas-ƙas a kunne. Daga ƙyamar wannan zamani ne tallar giram 180 da giram 200 ta samo ƙarfi. Amma zurfin tsaga a injin yanka ake ƙayyade shi, ba ya ƙaruwa don an ƙara kaurin roba. Faifai mai kauri ya fi zama daram a kan na'ura, ya fi daɗin riƙewa, iyakar amfaninsa ke nan. Hasali ma ya fi wuyar bugawa, domin yana buƙatar ƙarin lokacin zafi da na sanyaya, kuma idan aka yi gaggawa sai ya fito da aibi. Tsabtar roba ta fi kaurinta muhimmanci.

Gudu kuwa yana da tasiri na gaskiya. A juyi 33 da sulusi, tsagar da ke bakin faifai tana wucewa ƙarƙashin allura da kusan santimita 50 a daƙiƙa, ta kusa da tsakiya kuwa da kusan 20 kacal. Shi ya sa waƙar ƙarshe a kowace fuska ta fi saurin dushewa. Wasu kamfanoni sukan raba kundi ɗaya zuwa faifai biyu a juyi 45 don a samu ƙarin fili, mai saurare kuma ya biya da tashi yana juya faifai duk bayan minti goma ko sha biyu.

Aibin da aka fi gani shi ne karkacewa, wanda ke zuwa daga cire faifai kafin ya huce ko daga mugun ajiya. Sai ramin tsakiya da ya kauce, wanda ke sa murya tana hawa tana sauka. Wannan aibi yana da wuyar ganewa a kiɗan kalangu, wanda dama amonsa hawa da sauka yake yi da matsar tsarkiya, amma nan take yake bayyana a dogon busan kakaki ko jan goge. Akwai kuma inda roba ba ta cika tsagar ba, sai a ji kamar ana yaga ƙyalle. Wanki ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu.

Masana'antun da suka yi suna wajen kulawa sun haɗa da RTI a Kalifoniya, Quality Record Pressings da Chad Kassem ya buɗe a Salina ta jihar Kansas a 2011, da Pallas da Optimal a Jamus. GZ Media ta Jamhuriyar Cek ita ce mafi girma wajen yawan bugu. Jerin Tone Poet da kamfanin Blue Note ya fara a 2019 ya zama abin misali saboda yana faɗin komai: Kevin Gray ne ke yanka, a RTI ake bugawa.

Sabbin bugu na kiɗan Arewa da Nijar

Tun daga shekara ta 2001 kamfanonin Turai da Amurka suke tono tsohon kiɗan Najeriya. Strut ya fitar da Nigeria 70 a 2001, Soundway ya fitar da Nigeria Special a 2008, Luaka Bop ya tattara waƙoƙin William Onyeabor a 2013. Mafi yawan abin da aka zaɓa kiɗan jita da ƙaho ne na kudu, irin wanda ake iya sawa a gidan rawa a Landan ko Balin. Daga Arewa, Nigeria 70 ya ɗauki Ikon Allah ta Bala Miller da wata waƙa ta ƙungiyar Sahara All Stars ta Jos. Kiɗan kalangu da kuntigi da kotso, wanda daɗinsa ke cikin magana da habaici da kirari, bai samu irin wannan kulawa ba, domin mai saye a waje ba ya jin abin da ake faɗa, mai jin abin da ake faɗa kuma a wayarsa yake saurare.

A 2008 Honest Jon's na Landan ya fitar da Living Is Hard daga tsofaffin faifan Zonophone da ke ma'ajiyar EMI a Hayes. A nan babu tef ko kaɗan, domin a shekarun 1920 ba a fara ɗauka da shi ba, tsohon faifan shi ne asalin. A 2019 kuma BBE ya fara sake buga kayan Tabansi da izinin kamfanin, kuma a cikinsu har da Palaver na Ebo Taylor, mawaƙin Gana, wanda aka ɗauka a 1980 aka ajiye tef ɗin ba a taɓa fitar da shi ba. Wannan ya nuna abin da ake iya samu idan kamfani ya riƙe ma'ajiyarsa.

Misalai biyu daga Sahel Sounds, kamfanin Christopher Kirkley da ke Portland a Amurka, sun fi kusa da gida. A 2013 ya buga La Musique Électronique du Niger na Mamman Sani, wanda aka ɗauka a Yamai a 1978 da molon lantarki mai madannai, aka fitar da shi a kaset 'yan ƙalilan. A shekarar kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da ya haɗa da Fati Nijar. Waɗannan waƙoƙi a kwamfuta aka haife su a sitidiyon Kano, ba su taɓa zama a kan tef ba. A ma'aunin masu neman tsantsar analog, duka biyun ba su cika sharaɗi ba. Darajarsu ta wani wuri ce: na farko ya ceto aikin da ya kusa ɓacewa, na biyu ya kai kiɗan Kannywood kunnen da bai taɓa jin sa ba.

Duk wanda zai yi wa mawaƙan gargajiya irin wannan aiki, wuraren da zai fara dubawa su ne ma'ajiyar Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyoyin nazarin harsuna da al'adu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da cibiyar kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai. Ɗakin karatu na Birtaniya ma yana riƙe da tarin faifan Decca na Afirka ta Yamma.

Daraja da farashi

Kasuwar faifai ta farfaɗo a ƙasashen yamma. A 2022 an sayar da faifai kusan miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifai ya wuce CD a yawa. Farashin tsohon faifai yana bin ƙarancinsa da yawan masu nemansa da lafiyarsa. Dillalai suna amfani da ma'aunin Goldmine, wanda ke farawa daga wanda ba a taɓa sawa ba ya gangaro zuwa wanda ya sha jiki, kuma ana auna faifai daban, kwali daban. Bambancin mataki ɗaya yana iya rage rabin kuɗi. Shafin Discogs, wanda aka kafa a shekara ta 2000, yana ajiye tarihin cinikin kowane bugu, kuma a nan ne ake gane ainihin farashi, ba a abin da mai sayarwa ya nema ba. Ana tantance bugu ta lambobi da haruffan da aka zana a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, inda mai yanka yakan sa alamarsa.

Bugun farko yana da fifiko guda: an yanka shi lokacin da tef yake sabo. Amma bugun farko na Najeriya da wuya a same shi lafiya, domin an yi biki da shi, an sa shi da allura dakusasshiya, wasu ma sun ɗora kwabo a kan hannun allurar don kada ta yi tsalle, abin da ke cinye tsaga. A irin wannan hali sabon bugu mai izini ya fi tsohon daɗin ji, ko da bai kai shi kuɗi ba. Sabon bugu mai ƙayyadadden adadi yakan yi tsada bayan ya ƙare, sai dai farashin yana faɗuwa da zarar an sake bugawa, don haka ba kadara ba ce da za a dogara da ita.

Akwai kuma haƙƙin masu waƙa. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, ɗaukar sauti tana da kariya ta shekara 50 daga fitowarta, waƙar kanta kuwa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan faifan da ya fito a 1972 ɗaukarsa ta fita daga kariya, amma idan waƙar Shata ce, tana hannun magadansa har ƙarshen 2069. Mallakar tsohon faifai ba ta ba mutum ikon sake buga shi.

Adanawa a yanayin kudancin Jigawa

A Birnin Kudu da Gwaram da kewayensu zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yana haura digiri 40 a inuwa. Robar faifai tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma ana kai wannan a cikin mota rufaffiya ko a ƙarƙashin kwanon ɗaki marar silin. Ko zafin bai kai haka ba, faifan da aka jingina a karkace ko aka tula wasu a kansa yana lanƙwashewa a hankali. Ana ajiye faifai a tsaye, a jere ba a matse ba, a ɗaki mai sanyi, kuma ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, wadda ba ta cin roba amma tana gamawa da kwali, kuma kwalin ne ke ɗauke da sunan makaɗa da shekara da lambar bugu.

Ƙurar hunturu ta fi zafin ɓarna a ɓoye. Busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, idan allura ta bi ta kai sai ta niƙa ta cikin tsaga. Ana wanke faifan roba da tataccen ruwa irin na batir da ƙyalle mai laushi, ana bin tsagar a kewaye, a bar shi ya bushe a inuwa, ba a jiƙa takardar tsakiya ba. Kananzir da fetur suna lalata shi. Tsohon faifai mai juyi 78 kuwa ba a kusantar da shi da sifirit, domin yana narkar da ƙaron da aka yi shi da shi. Haka nan ba a sa faifan LP a garmaho mai wani da allurar ƙarfe, sau ɗaya ya isa ya kashe shi. Wanda ya gaji irin waɗannan faifai, kafin ya sayar ko ya bayar, yana da kyau a ɗauki hoton kwali da takardar tsakiya ta kowace fuska, a kuma kwafi sautin sau ɗaya da allura mai kyau zuwa fayil ɗin da ba a matse ba, irin WAV, maimakon MP3.